Rarar Shuɗiyar Riga

Baba ba ya yanke rara. Duk wanda ya taɓa kawo ɗinki shagonmu ya san haka, wasu ma da ita suke yi masa tsiya. Idan ya haɗa gefen riga sai ya bar yadi mai faɗin yatsa uku a ciki, ya kwantar da shi da dutsen guga, ya ce ajiya ce. Kalmasar rigar yara kuwa ba a magana, ninki yake yi mai zurfi kamar zai ɓoye wani abu a ciki. In ka yi ƙorafi ya ce maka jikin mutum ba ya zama wuri ɗaya, wanda ya rame yau gobe zai cika, yaro kuma kullum sama yake yi.

Ni ce 'yarsa ta fari, ni kaɗai kuma na gaji keken a cikin 'ya'yansa, amma ban gaji wannan hali ba. Ni ina son in juya riga in ga cikinta tas, an datse rara, an daje baki, babu abin da ke lilo. Kekena na lantarki ne, yana bakin ƙofa. Nasa na takawa ne, baƙi, yana can ƙurya kusa da taga, ya girme ni. Mun sha faɗa a kan almakashi. Yana ce mini mai saurin hannu, ina ce masa mai tara kaya. Abin haushin shi ne yawancin lokaci shi ke da gaskiya. Mace za ta dawo bayan haihuwa da riga ta ƙi shiga, in ɗinkinsa ne ya ɗauki reza ya farke ya buɗa mata, in nawa ne sai dai in ba ta haƙuri. Wurin da ya buɗa yakan fito da launi mai ƙarfi, don rana da sabulu ba su taɓa shi ba, sai ya ce mata ta yi ta wankewa, za su daidaita.

Da Inna ta kwanta ciwo, mun ɗauka na kwana biyu ne. Ita mace ce mai jiki, mai dariya da ƙarfi, wadda in ta zauna a kujera sai kujerar ta san an zauna. Aka yi ta zuwa asibiti ana dawowa da leda cike da magani. Abinci ya daina shiga. Zobenta ya fara juyawa a yatsa, daga baya ta cire ta ajiye, ta ce wai yana damunta wajen wanke hannu. Likita ya kira mu gefe ni da Baba ya yi mana bayani a hankali, irin bayanin da ake yi ana kallon takarda. Baba ya yi ta gyaɗa kai. Da muka fito ya tambaye ni ko na tuna na rufe tagar shago.

Bayan nan ne ya ɓullo da wata sabuwar ɗabi'a. Kullum da safe sai ya ɗauko rigar Inna ɗaya ya zo da ita shago, wai dutsen gugar gida ba ya zafi sosai. Shekara da shekaru dutsen nan yana aiki babu wanda ya ce masa komai. Ban kawo komai a raina ba, sai ranar da na je ƙuryarsa neman alli na tarar da shuɗiyar rigar Inna a juye a kan kekensa.

Rigar nan shi ya ɗinka mata tun ina budurwa. Doguwa ce, ba ado, wuyanta zagaye. Ta sha wanki har shuɗin ya koma kamar sararin sama da tsakar rana, amma duk cikin kayanta ita ta fi so, ta ce ba ta da nauyi. Na tsaya ina kallo. Ya ja layi da alli daga hamata, ya shigo ciki kaɗan a wajen haƙarƙari, sannan ya sake shi a hankali har ya haɗe da tsohon ɗinkin a ƙasan ƙugu, yadda ba za a ga inda aka fara da inda aka tsaya ba. Ya buɗe tazarar ɗinkin sosai, irin dogon ɗinkin da ake yi don gwaji. Ya taka keken. Da ya kai ƙarshe bai koma baya ya ɗaure ba, ya ja zaren kawai ya bar masa jela. Ɗinkin da za ka ja sau ɗaya ya fita ne.

Ya ɗago ya gan ni. Bai ji kunya ba, bai kuma yi dogon bayani ba. Ya ce rigar ta yi mata yawa ne kaɗan, kuma mara lafiya in ya ga kaya na yawo a jikinsa sai zuciyarsa ta karye. Ya ce in ta murmure zare ɗaya zai ja, rigar ta koma yadda take. Ya roƙe ni kada in gaya mata. Na tambaye shi yaushe ya auna ta, don na san bai shiga da tef ɗakinta ba. Ya ce ai shi ke tayar da ita zaune, hannunsa ya ishe shi awo.

Dabarar ta yi aiki, ba zan ƙi faɗa ba. Masu zuwa dubiya suna shigowa da fargaba, su ga Inna zaune a jingine da filo, riga ta zauna mata daidai, kafaɗa ba ta zube ba, sai su saki fuska su ce ai jiki ya yi kyau. Inna ta amsa musu da cewa da sauƙi sosai. Baba yana tsaye a bakin ƙofa yana jin daɗi kamar shi aka yaba. Ni ma a lokacin na yi murna da abin.

Amma ramar ba ta tsaya ba, shi ma bai tsaya ba. Layi ɗaya ya zama biyu, biyu suka ƙaru. In ka juya shuɗiyar rigar sai ka ga ɗinki jere a jere, kowanne ya fi na baya shigowa ciki. Rarar da ta fara da yatsa uku ta kai tafin hannu, ta wuce. Yana ninke ta, ya goge, ya kama ta da allurar hannu don kada ta yi lilo. Komai iyawarsa, yadi ninki huɗu yadi ninki huɗu ne. Na gaya masa ya bari in ɗinka mata sababbi daidai jikinta. Ya ce sabuwar riga ƙarama ai sanarwa ce.

Ni ke yi wa Inna wanka da hantsi, bayan na kai 'yata makaranta. Wata rana ina shafa mata mai na ga jan layi a gefenta, daga hamata zuwa ƙugu, dama da hagu iri ɗaya. A wajen haƙarƙari fatar har ta saɓule. Babu sauran nama da zai tare mata, in ta kwanta ta gefe dunƙulen yadin nan kai tsaye yake danne ƙashi. Nan na gane dalilin da ta koma kwanciyar rigingine, ita da tun da na san ta ta gefe take barci.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na buɗe baki zan yi ƙarya in ce ko tabon magani ne, ta riga ni.

“Rarar babanki ce,” in ji ta. “Ki shafa man kawai.”

Na ce ashe ta sani. Ta yi 'yar dariya, wadda ta rage mata, ta ce tun kafin a haife ni take sa ɗinkin mutumin nan, ko a duhu aka ba ta riga ta san in hannunsa ya bi ta kai. Tun ranar farko da ya dawo da ita da sunan guga ta ji ta kama ta a hamata. Na ce to me ya sa ta yi shiru tana shan azaba, almakashi na nan, aikin minti kaɗan ne.

“Ba ni nake buƙatar yadin nan ba,” ta ce. “Shi yake buƙata. Kada ki gaya masa.”

To ka ji. Shi ya ce kada in gaya mata, ita ta ce kada in gaya masa, ni kuma aka mai da ni akwatin ajiya, ni da kowa ya san magana ba ta kwana a cikina. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na sa mata auduga a wurin. Na ce ta riƙa ɗaura zane kawai, ta ƙi, wai in ya shigo bai ga rigar a jikinta ba zai yi tambaya. Na yi tunanin in saci rigar in datse da kaina, amma na san zai gani, kuma ban san da wane ido zan kalle shi ba.

Ban kai ko'ina ba na fasa ƙwan. Muna shago da rana, babu kowa, na ga ya sake ɗaukar alli, shuɗiyar rigar a gabansa. Na ce masa rarar nan tana cin jikin Inna, na ga ciwon da idona. Ban gaya masa ta sani ba, wannan kaɗai na iya riƙewa. Ya ajiye allin. Ya daɗe yana shafa dunƙulen da babban yatsa, yana jin kaurinsa, fuskarsa ta canza. Na ce a raina ya gama yarda, na miƙa masa almakashi. Bai karɓa ba.

“In na yanke, ta tashi, me za ta sa?”

Ina da amsa, don ni ma ina wurin da likita ya yi magana. Amma na kalli tsohon nan da tef a wuya, na kasa. Na mayar da almakashin cikin aljihun tebur da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Ya kwashe sauran ranar yana neman hanya. Ya raba rarar biyu ya kwantar da rabi gaba rabi baya. Ya samo yadi mai laushi ya yi mata shafi ya rufe. Aikin ya yi kyau a ido, tsaf, babu zare ko ɗaya a waje, amma kauri ya ƙara. Washegari da na cire wa Inna rigar na ga jan layin ya ƙara faɗi. Ta ce wai in gaya masa shafin ya yi daɗi.

'Yata ita ce jikarsu ta fari. Maɓalli muke ce mata, don da aka haife ta 'yar dunƙule ce, Baba ya ce bai taɓa ganin abin da ya fi kama da maɓalli ba. Sunan ya bi ta, ita kuwa ta yi ta miƙewa har ya zama abin dariya. Tana da wata farar riga mai ɗigon shuɗi da kakanta ya ɗinka mata, wadda in ba a ɓoye ba kullum ita za ta sa. An saki kalmasarta har ta ƙare. Da ta sake ɗagewa ya ƙara mata bakin leshi a ƙasa, ta ƙara samun 'yan watanni. Yanzu leshin ma ya hau saman gwiwa.

Wata la'asar muna ɗakin Inna, Baba ya dawo daga shago yana zaune a bakin gado, Maɓalli ta shigo da gudu a cikin rigar nan. Inna ta kira ta, ta sa ta juya gaba da baya. Ta ce kai, waɗannan gwiwoyi kamar na ɗan maraƙi, jikar tela guda tana yawo haka, ai abin kunya ne. Baba ya ce babu sauran kalmasa, kuma bai da yadin da zai hau da ita. Sai Inna ta kama gefen shuɗiyar rigar da ke jikinta, daidai inda dunƙulen yake, ta ɗaga shi tsakanin yatsu biyu.

“Malam, ga yadi nan zaune a jikina ba ya aikin komai. Shuɗi ne, zai hau da ɗigon nata. Ka cire ka ƙara mata.”

Baba ya kalli yatsunta, ya kalli fuskarta. Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka suna kallon juna ba, ni dai na sunkuyar da kai ina gyara wa Maɓalli igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Ya ce da murya ƙasa-ƙasa ai ajiya ce. Ta ce ta sani, shi ya sa ta ce a ba mai ita.

Da safe ya zo shago da rigunan biyu a leda ɗaya. Na yi kamar ina da aiki, amma ƙafata ba ta taɓa keken ba. Ya juya shuɗiyar ya kwance shafin, sannan ya kama jelar zaren ya ja. Layukan suka yi ta fita ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya shirya su fita, rigar ta buɗe ta koma faɗinta na da. Ya shimfiɗa ta a tebur ya tsaya yana kallo. Girman Inna ne sak, na lokacin da kujera ke sanin an zauna.

Ya ja layi ɗaya da alli. Ya matse tazarar ɗinkin zuwa ƙanana, irin na zama. Ya taka a hankali daga hamata zuwa ƙasa, da ya kai ƙarshe ya koma baya ya ɗaure. Daga nan ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, na sa masa almakashin. Ya fara yanka. Ni ce na kasa kallo, sai ƙarar kawai nake ji, doguwa, ba ya tsayawa a tsakiya.

Bai bar bakin haka ba. Ya rage gefe ɗaya ya zama siriri, ya naɗo ɗayan a kansa ya rufe shi ruf, ya kwantar, ya bi da ɗinki na biyu. In ka shafa da ido rufe da ƙyar za ka san akwai haɗi a wurin. Ni da nake taƙama da tsabtar ciki ban taɓa yin mai kyan wannan ba.

Ƙyallayen da suka fito dogaye ne. Kowanne yana da launi biyu: ɓangaren da ya sha rana ya koɗe, da kuma siririn gefen da ya zauna a ɓoye tun ranar da aka ɗinka rigar, shuɗi mai duhu. Ya goge su da ruwa-ruwa har ramukan allura suka rufe, ya daidaita faɗinsu, ya haɗa su suka zama ɗamara guda. Ya cire leshin daga rigar Maɓalli da reza, zare-zare, don kada ya yage. Ya ɗinka ɗamarar a ƙasan rigar, ya ninke mai duhun ya tura ciki, sannan ya mayar da leshin a baki. Leshi ba ya son a ja shi, in ka ja sai ƙasan riga ya tattare. Ya bar shi yana tafiya da kansa a ƙarƙashin ƙafar keken, yatsunsa na raka shi kawai. A nan ya sake buɗe tazarar ɗinkin, ya kuma bar jela.

Da rana na sa wa Inna rigar. Ta shafa gefenta sama da ƙasa, ta lumshe ido. Sannan a hankali ta juya ta kwanta ta gefen dama, ta sa hannu ƙarƙashin kunci yadda ta saba, ta sauke numfashi mai tsawo. Baba yana bakin ƙofa. Na ga ya kawar da kai.

Da Maɓalli ta dawo daga makaranta aka sa mata tata, ta shigo tana juyi, shuɗin yana kaɗawa ƙasan gwiwa. Inna ta jawo ta, ta juya bakin rigar ta taɓa ninkin da ke ciki. Ta ce mutumin nan dai ba zai taɓa shiryuwa ba. Ta tambaye shi wannan ajiyar kuma ta yaushe ce.

“Ta baɗi,” in ji Baba.

“To kai za ka saki mata da hannunka,” ta ce. “Kada ka bar wa mai saurin hannun nan, datsewa za ta yi.”

Muka yi dariya dukkanmu, har da ni da aka ci wa fuska. Inna ta samu sauran kwanakinta tana barci ta gefe, ciwon haƙarƙarin ya warke kafin ta tafi. Sauran rigunan ma duk ya gyara su haka, ya ninke ƙyallayen ya adana a aljihun kekensa.

Da shekara ta zagayo gwiwoyin Maɓalli suka sake leƙowa. Ni na lura, na wanke rigar na ajiye masa a kan keke. Ya cire leshin, ya kama jelar zaren ya ja, ninkin ya sauko. Ƙarƙashin koɗaɗɗen shuɗin sai ga wani shuɗi mai duhu ya zagaye rigar, sabo fil. Maɓalli ta ɓata fuska ta ce launin bai zama ɗaya ba. Na jira in ji ya ce mata ta yi ta wankewa za su daidaita, kamar yadda yake gaya wa kowa. Bai faɗa ba. Ya shimfiɗa wurin a tafin hannunsa ya matsa kusa da taga.

“Zo ki gani,” ya ce da ita. “Haka rigar kakarki take ranar da ta fara sa ta.”

Ya juyo wajena ya ce in za a wanke, a shanya ta a inuwa.